Kufena: Dutsen da Dubbai Ke Wucewa, Kaɗan Ke Hawa

Wanda ya taso daga Saulawa ko Ikara da sassafe, ya biyo ta Maƙarfi ya faɗo babban titi a Tashar Yari, da wuya ya ga wani dutse na a zo a gani har ya shigo Zariya. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya, gonakin masara da dawa na bin juna, ga fadamun rake da tumatir, ga ɗorawa da kaɗanya jefi-jefi. Sai mota ta wuce Kwangila ta miƙi hanyar Kaduna, wajajen Ɗan Magaji, sannan wani baƙin dutse zai bayyana ta hannun dama, ya taso daga cikin fili shi kaɗai, bayan garin Wusasa. Shi ne Kufena.

Kullum dubban matafiya na wuce shi. Ka tambayi Bazazzagen da aka haifa yana kallonsa ko ya taɓa hawa, amsar da za ka fi ji ita ce, "Me na ajiye a can?" Tambayar tana da tushe. Bahaushe ba rago ba ne wajen tafiyar ƙasa. Kakanninsa sun taka daga Kano zuwa Gwanja neman goro, kuma har gobe manomi kan yi tafiyar awa guda zuwa gona ya yini yana huɗa. Sai dai tafiya a wurinmu tana da dalili: kasuwa, gona, zumunci, neman ilimi. Hawa dutse don kawai a hau, a duba, a sauko, wannan bai shiga lissafi ba. Amma alhazan Ikara da Kudan da suka je Makka, da yawansu sun hau Jabalun Nur har Kogon Hira, tsofaffi da mata a cikinsu, sun dawo suna ba da labari shekara da shekaru. Ashe ƙarfin yana nan. Abin da ya rage shi ne mutum ya san abin da ke kan dutsen da ke ƙofar gidansa, kuma Kufena yana da abin nunawa fiye da yadda ake zato.

Dutsen ya girmi duk wani labari da ake bayarwa a kansa. Masana ilimin ƙasa sun ce duwatsun wannan yanki narkakken dutse ne da ya daskare a can ƙarƙashin ƙasa, kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta wanke ƙasar da ta rufe shi, mai taushi ta tafi, mai tauri ya tsaya. Shi ya sa ake ganinsa tsaye a tsakiyar fili ba tare da jerin tsaunuka a bayansa ba. Irinsa ne Tukur-Tukur da Madarkaci a cikin Zariya, da Kwatarkwashi a Zamfara, da Zuma kusa da Suleja wanda hotonsa ke jikin tsohuwar takardar naira 100. Rana ta gasa fuskar dutsen, dare ya sanyaya ta, a hankali sai ta riƙa ɓarewa falle-falle kamar ɓawon albasa. Manyan duwatsun da suka taru a gindinsa, wasu a ɗore kan wasu har mutum ya ji tsoron wucewa ta ƙarƙashi, daga jikinsa suka ɓallo.

Tarihin mutane kuwa a nan yake da nauyi. Ruwayar Zazzau ta ce sarauta ta zauna a wasu garuruwa kafin ta iso wannan yanki, kuma na ƙarshensu shi ne Turunku, a kudu, cikin ƙaramar hukumar Igabi ta yanzu. Daga can ne, a zamanin Bakwa Turunku, wajen shekarar 1536 a lissafin da aka fi yawan ambata, aka taso zuwa gindin Kufena. Daga Kufena kuma gari ya gusa gabas, ya zama birnin da ake cewa ya ci sunan Zariya, ƙanwar Sarauniya Amina. Masana sun saɓa a kan abubuwa da dama cikin wannan labari, har da ko Bakwa mace ce ko namiji, da ƙarnin da Amina ta rayu. Littafin Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, tsakanin 1421 da 1438, ya ce yaƙinta ya kai Nupe da Kwararrafa. Wasu kuma sun kai ta ƙarni na 16. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya ambace ta a cikin Infaƙul Maisuri.

Wannan saɓani ba ya rage wa dutsen komai, domin shaidar da ke ƙasa ba ta jiran ruwaya. A shekarun 1970 masanin kayan tarihi John Sutton, yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi sawun ganuwoyin Zariya da Kufena ya rubuta a kansu. Abin da binciken ya nuna shi ne ganuwar da aka sani, wadda ta kewaye birni da tsawon kilomita 14 ko fiye, ba ita kaɗai ba ce. Akwai wasu tsofaffi da suka miƙa yamma suka rungumo dutsen, an gina su a lokuta daban-daban. A arewa kaɗan, yamma da Samaru, an tono wuraren narka tama da suka haura shekara dubu. Wato tun kafin a san sunan wani sarki, akwai maƙera da manoma a wannan fili.

Me ya ja su gindin dutse? Abdullahi Smith, wanda ya yi rubutu a kan sarakunan Zazzau na Haɓe a cikin littafin da Michael Mortimore ya tattara kan Zariya da kewayenta a 1970, ya lura cewa manyan garuruwan Hausa da dama a gindin irin waɗannan duwatsu suka tsiro. Kano ta taso daga Dala, inda Barbushe mai bautar Tsumburbura ya zauna. Dalilan a fili suke ga duk manomi. Ruwan saman da ya sauka kan dutse ba ya nutsewa, gangarowa yake yi ya taru a gindi, don haka ƙasar wurin ta fi riƙe danshi kuma rijiya ba ta zurfi. Daga sama ana hango ƙurar mahara tun suna nesa. Idan abin ya ɓaci, mata da yara da dabbobi su shige tsakanin duwatsu. Sannan ga imanin mutanen da, cewa iskoki a kan duwatsu suke zaune, wanda ya riƙe dutse kuwa ya riƙe zukatan jama'a.

Wannan imani bai gushe gaba ɗaya ba. Har yanzu akwai uwar da za ta hana ɗanta zuwa saboda tsoron gamo, musamman da tsakar rana ko da magariba. Ba a raina damuwar uwa. Sai dai bautar dutse ta wuce tun tuni, kuma Musulmi na da dalilinsa na kansa na zuwa, tunda Suratul Gashiya ta ja hankali a dubi yadda aka kafa duwatsu. Haɗarin da ya kamata mai hawa ya ji tsoro a Kufena na zahiri ne: santsi, zafin rana, maciji da ƙudan zuma.

Hawan kansa ba ya bukatar igiya ko wani horo na musamman. Safiya ɗaya ta ishi mai matsakaicin ƙarfi ya hau ya sauko. Amma a sani, ba a yi masa matakalar siminti irin ta Dala ba. Da farko mutum zai ratsa gonaki da ciyayi, ya bi tsakanin manyan duwatsun gindi, inda itatuwa irin su ɓaure suka cusa saiwarsu cikin tsaga suna neman ruwa. Daga nan sai fuskar dutsen ta buɗe, tsirara, ba inuwa, ba abin kamawa. A nan ne baƙo ke gane bambancin takalmi. Silifa da takalmin fata mai sulɓi ba su da wurin zuwa. Kambas mai ƙasan roba shi ke kama dutse. Wanda ya saba ba ya miƙewa sama kai tsaye, yana tafiya ne a karkace, ya yi dama ya yi hagu, gajerun taku, jiki a ɗan sunkuye. Inda gangaren ya yi tsanani a sa hannu a ƙasa, babu kunya a ciki.

Gaggawa ce ke sa a rasa rabin abin da aka zo gani. Mai hawa ya riƙa duban ƙasa kamar yadda yake duban sama. A wuraren da dutsen ya kwanta zai iya tarar da ramuka masu santsi, dogaye kaɗan, waɗanda hannun mutum ya sassaƙa ba da niyya ba: gurbin niƙa ne, inda mata suka durƙusa suna murza hatsi har dutse ya lotsa. Sa tafin hannu a ciki, za ka ji laushinsa ya bambanta da kaushin da ke kewaye. Shekara nawa ake niƙa a wuri ɗaya kafin dutse mai wannan tauri ya yi rami? A cikin ƙasar da ta taru a lunguna kuma akwai tsingaro, gutsattsarin tukwane, wasu da zanen da aka yi musu tun yumɓu na ɗanye. Littafin makaranta na iya cewa an zauna a nan, amma gani ya kori ji.

Tsingaron nan a bar shi inda aka gan shi. Ga masu bincike, wurin da aka tsinci abu shi ne rabin labarinsa. Idan kowane baƙo ya sa guda a aljihu, cikin 'yan shekaru babu abin da zai saura.

Irin waɗannan duwatsu suna da mazaunansu. Ƙadangaru masu jan kai na shan hantsi, shirwa da shaho na shawagi, wani lokaci ma a ƙasa da inda mutum ke tsaye, abin da ba a saba gani ba. Da damina ruwa kan kwanta a ƙananan kwarmi a bisa dutsen, ciyawa ta tsiro a bakinsu, kwaɗi su yi ƙwai. A lungunan da ke da sanyi ne ake kaffa-kaffa. Kasa da kububuwa da gamsheƙa duk macizan wannan ƙasa ne, don haka ba a zura hannu cikin ramin da ido bai ga ƙarshensa ba, ba a kuma ɗaga dutse don wasa. Idan aka ji gunjin zuma a wata tsaga, a sauya hanya shiru, kada yaro ya yi jifa.

A sama ne wahalar ke biyan kanta. Zariya da ma a kan tudu take, sama da mita 600 daga matakin teku, shi ya sa sanyinta ya fi na Kano. Daga ƙololuwar Kufena kuwa sai garin ya shimfiɗu gaba ɗaya. Ta gabas ga tsohon birni, cunkushe, da dogayen rimaye waɗanda unguwanni irin su Rimin Tsiwa da Rimin Doko suka ci sunansu. Gaba kaɗan ga Tudun Wada da Sabon Gari, wanda ya bunƙasa bayan layin dogo ya ratso ya kai Kano a 1911. Ta arewa, idan sama ta yi garau, ana iya gano Samaru da dogon ginin majalisar Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. Ƙananan jiragen Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, da aka buɗe a 1964, sukan yi ta kewaya sararin. Ta yamma sai gonaki da rugage har inda ido ya gaza.

Wanda ya san abin da yake nema zai ga wani abu kuma. Tsofaffin ganuwoyin da ba a iya ganewa idan ana tsaye kusa da su, domin sun zama tudun ƙasa da ciyawa ta rufe, daga sama suna fitowa a matsayin dogon layi da ya ratsa gonaki ya lanƙwasa. Da safe ko da la'asar, lokacin da rana ke gefe tana jefa inuwa, suka fi bayyana. A nan mutum ke fahimtar girman aikin. Babu katafila, babu tifa. Da fartanya da kwando aka tara ƙasar nan, dubban hannaye, rani bayan rani. Sarautar da ta iya tara jama'a haka, ta ciyar da su, ba ƙaramar sarauta ba ce. Wanda ya ga wannan da idonsa ba zai ƙara ɗaukar labarin ganuwar Amina a matsayin tatsuniya ba, ko da masana sun ci gaba da muhawara a kan wa ya gina wace.

A gindin dutsen akwai wani babi na tarihi, na kusa. Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya tun 1905, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin fassara Baibul zuwa Hausa, wanda ya fito a 1932. A 1929 aka mayar da mishan ɗin wajen ganuwa, zuwa Wusasa. Cocin St. Bartholomew da aka gina a lokacin ginin ƙasa ne irin na magina Hausawa, da bakan gizo a rufinsa, salon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai maƙura da shi a masallacin Juma'a na birni a shekarun 1830. Asibitin St. Luke yana nan, haka ma makarantar da aka sani da St. Paul a da, wadda daga baya ta ɗauki sunan Kufena. A wannan ƙaramin gari Janar Yakubu Gowon ya tashi, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1966 zuwa 1975. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, haifaffen Anchau ne, maƙwabtan Ikara, kuma ta makarantar mishan ɗin nan ya biyo. Baƙon da ya sauko daga dutse bai kamata ya wuce Wusasa a guje ba. Hausawa Kirista da Musulmi sun daɗe suna zaune tare a nan, harshe ɗaya, tuwo ɗaya, kuma ganin haka na da amfani ga yaron da ya taso bai san akwai su ba.

Zaɓen lokaci shi ne rabin shiri. Daga ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi kowane lokaci daɗi: ruwa ya ɗauke, ƙasa na da sauran kore, hazo bai sauko ba, ga shi an fara samun sararin aikin gona. Disamba da Janairu akwai sanyi mai sauƙaƙa hawa, amma ƙurar hunturu kan rufe gari har a rasa ganin birnin da ke ƙarƙashin hanci. Maris da Afrilu, kafin hantsi ya ɗaga dutsen ya ɗau zafin da tafin hannu ba ya jurewa. Damina ta fi kyan gani, ta kuma fi haɗari. Zariya na samun ruwan da ya kai milimita 1,000 a shekara, akasarinsa tsakanin Yuni da Satumba, kuma jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka ba ya yafe kuskure. In hadari ya haɗo ana sama, a sauko nan take. Mutum a tsaye kan ƙololuwar da babu bishiya shi ne abin da ya fi komai tsawo, kuma aradu abin da ya fi tsawo take nema.

Kowane lokaci ne, a fara bayan sallar asuba da zarar gari ya waye, a sauko kafin azahar. Kowa ya riƙe ruwansa, aƙalla babbar gora, da ƙari don alwala. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli ko guntun mazarƙwailar Maƙarfi sun isa guzuri. Babbar riga ta zauna a gida. Mata da yawa kan sa wando a ƙarƙashin hijabi mai matsakaicin tsawo, domin dogon da ke jan ƙasa yana harɗe ƙafa. Mai hawan jini, mai ciwon zuciya ko asma ya tuntuɓi likita tukuna, in ya zo kuma ya tsaya inda numfashinsa ya ce ya tsaya. Saukowa ta fi hawa wuya, a nan gwiwa ke rawa, a nan kuma aka fi faɗuwa, domin an gaji kuma hankali ya riga ya koma gida.

Ba a shiga garin mutane a wuce kai tsaye zuwa dutsensu. A nemi mai unguwa a gaishe shi, a faɗi abin da ya kawo mutum, a roƙi a haɗa shi da wani saurayi ɗan wurin da ya san hanya, a kuma ba shi na goro mai kauri idan an sauko. Ladabi ne, tsaro ne kuma. Kowa ya san halin da gefen Zariya ya shiga a 'yan shekarun nan. A watan Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Nuhu Bamalli, a watan Yuli kuma suka ɗauki mutane a cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye, duk a wannan ɓangare na gari. Yanayi na sauyawa daga wata zuwa wata, kuma mazauna wurin ne suka san na yau. In suka ce a dakata, a dakata. A tafi cikin ayari, da rana, a bar wa na gida labarin inda aka nufa.

Abin da ke ci wa mai son wurin rai shi ne yadda aka bar shi. Kufena na cikin jerin wuraren tarihi da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta ayyana, tare da ganuwar Zariya da tsohon masallacin Haɓe na Maigana. Amma suna a takarda ba ya tsare ƙasa. Ganuwar birni an daɗe ana ɗibar ta ana yin tubali, ana gina gidaje a kanta, na waje kuma garma na cin su kowace damina. Gari na matsowa, filaye na tsada, kuma dutse a idon mai gini tsakuwa ce da ba a fasa ba tukuna. Baƙi su ma suna da nasu laifin: ledar ruwa da robar lemo a tsagogi, da sunaye da lambobin waya da aka rubuta da fenti a fuskar dutsen da ya shekara miliyoyi babu tabo.

Wasu wurare sun nuna abin da za a iya yi. Dutsen Olumo na Abeokuta, wanda Egbawa suka fake a cikinsa lokacin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, an yi masa matakala da masu yi wa baƙi bayani, ana sayar da tikiti, masu sana'a na ci a gindinsa. Sukur, a tsaunukan Madagali ta Adamawa, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO a 1999. A Abuja da Jos kuma matasa sun kafa ƙungiyoyin hawa dutse, suna fita ranar Asabar don motsa jiki. Kufena ba ya bukatar otal ko na'urar ɗaga mutane. Siminti mai yawa ma ɓata shi zai yi. Abin da ya dace da shi ƙalilan ne: a shata iyakar da ba a gini ko fasa dutse a cikinta, a yi wa hanya ɗaya alama, a kafa allo da Hausa mai bayanin tarihin wurin, a horar da samarin Wusasa da ƙauyukan gindin dutsen su zama 'yan rakiya masu kuɗin aiki sananne. Masarautar Zazzau, ƙarƙashin Sarki Ahmed Nuhu Bamalli da ya hau a 2020, da sashen nazarin kayan tarihi na jami'ar da ke Samaru, da gwamnatin jiha, kowannensu na da abin da zai iya sawa. Mutumin da ke samun abinci daga baƙin da ke hawa dutse shi ne zai fara hana a fasa shi.

Makarantu ne suka fi kowa asara a halin yanzu. Yaro a sakandaren Saulawa ko Hunkuyi ko Gubuci yana haddace sunan Sarauniya Amina don jarrabawa, yana zana yadda dutse ke zaizayewa a darasin labarin ƙasa, alhali duka biyun suna nan a tafiyar da za a yi da safe a dawo kafin magariba. Bas ɗaya, malamai biyu ko uku, da izinin iyaye sun wadatar. Bayan an sauko a shiga birni ta Ƙofar Kuyambana, a ga ƙofar fada da zanenta, a ga masallacin Juma'a, wanda wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023, a wuce Tukur-Tukur inda Kamfanin Gaskiya yake, gidan da Abubakar Imam ya yi aiki. Iyayen da ke iya haɗa kuɗin bikin kammala karatu za su iya haɗa kuɗin man wannan mota.

Wanda Kufena ya shiga ransa, tafiya ta biyu Turunku ce. Ana ratsewa daga titin Kaduna a nufi gabas. Can ma duwatsu ne da ragowar ganuwa, kuma mutanen garin kan nuna wa baƙo inda suke cewa kabarin Bakwa ne, da wani dutse da suke dangantawa da zaman Amina. Wurin ya fi Kufena nisa da babban gari, don haka tambayar halin hanya kafin a tashi ta fi zama dole, kuma gara a kwana a Zariya a yi sammako da a taso daga Ikara a iso da rana tsaka.